Fitilar Ƙasa

Tunda ka ce gobe mai haɗa wuta zai shiga sabon gidan naka, zauna tukuna in ba ka wani misali. Ni kaina duk sanda na tuna shi sai raina ya sosu.

An yi wani mutum, ɗan albarka ne, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Da Allah ya buɗa masa, sai ya rushe tsohon ɗakin ƙasa na iyayensa ya tayar musu da na bulo, sannan ya tsara hasken ɗakin kamar mai haɗa lefe. Babban ƙwai a tsakiyar silin don ko'ina ya haska, ƙanana a jere ta gefe masu zubo haske a hankali, biyu can sama a jikin bango don ado, kowanne da makunninsa. Har sola ya sa, kada a ce an ɗauke wuta. Amma duk tsarin nan a tsaye ya yi shi, daga bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ko sau ɗaya bai zauna a tabarmar da tsofaffin ke zama ba. Ranar da suka tare, ya ga tsohuwar fitilar ƙwai da suke ajiyewa a ƙasa tsakaninsu kullum bayan magariba, ya sunkuya ya ɗauke ta. Uban ya ce, "A bar mana wannan, ta ƙasa." Ɗan ya yi dariya, ya ce an kawo masa rana sukutum cikin ɗaki yana neman mai hayaƙi, so yake ta baƙanta silin tun fenti bai bushe ba? Uwar ta buɗe baki za ta yi magana, tsohon ya dube ta, sai ta haɗiye abinta.

Abin da ɗan bai sani ba, kunnen uban ya daɗe da tafiya. Da ido yake jin magana, bakin mutum yake kallo. Tsoho ne mai jin kai, ba ya son a riƙa yi masa ihu kamar ana kiran mai tallan ruwa, don haka matarsa kaɗai ta sani, ita kuwa ta rufa masa asiri har ga 'ya'yansu. Da rana kowa na harkarsa, hirarsu ta bayan magariba ce, kuma fitilar nan da ke ƙasa ita ke haska masa bakinta. To yanzu haske daga sama yake saukowa, ya tsaya a kan ɗankwalinta, fuska kuwa ta faɗa inuwa. Takan ɗaga kai tana magana har wuyanta ya ƙage, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai a inda bai kamata ba. Sayen wata fitilar bai fi ƙarfinsu ba, nauyin ɗansu suka ji, kada ya zo ya ga baƙi a silin ya ce an raina masa alheri. A haka hira ta yi ta raguwa har ta ƙare. In ɗan ya kawo ziyara ya same su zaune jugum cikin haske tarwai, sai ya ji daɗi, a zatonsa hutu ne ya ratsa su.

Ana nan uwar ta kwanta ciwo, cikin kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa, ɗan yana kan hanya bai iso ba. Bayan an share makoki ya shiga ɗakin, ya tarar da uban shi kaɗai a bakin gado. Tsohon ya ce masa ya kunna fitilun nan duka, ya zo ya kwanta a inda ta kwanta. Ya kwanta. Uban ya sunkuyo kansa, sai ɗan ya ga duhu ya rufe masa fuska, inuwar kan uban ce, don duk hasken ta bayansa yake. A nan tsohon ya faɗa masa maganar kunnen, ya ce ranar da za ta cika, bayan magariba, muryarta ta riga ta dushe, bakin kawai ke motsi. In ya matso, inuwarsa ta rufe bakin. In ya ja baya, idonsa ba ya kaiwa. "Sau uku ta yi mini magana," in ji shi. "Na ce mata na yafe, duniya da lahira. Amma ita ko ta yafe mini, ban gani ba." Ɗan ya tashi ya je ɗakin ajiya ya tono fitilar cikin tarkace, ya goge ƙwan da bakin rigarsa, ya zuba kananzir, ya kunna ya ajiye a ƙasa yana hawaye. Ta haska tabarma lafiya lau, kamar yadda ta saba. Tsohon ya daɗe yana kallon wurin da ba kowa, sannan ya ce a kashe ta, bakin wa zai kalla?

Don haka kafin mai haɗa wutar nan ya huda bango, shiga ɗaki ɗaki ka zauna inda mai shi ke zama, ka tambaye shi inda yake son haske. In ya roƙi abin da ka ga bai da ma'ana, ba shi, ko bai faɗa maka dalili ba. Hausawa sun riga mu faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.