Reshen Da Marlies Ta Karya

Ƙarfe goma da kwata mutumin ɗaki na uku ya sauko da jakarsa, ya dire ta a bakin ƙofa. Marlies na kwashe kwanukan karin kumallo ta hango shi. Ya sa hular fita, ya ɗaure takalmi tamau.

Motar masu zaga gidajen giyar inabi takan tsaya a ƙofarta ƙarfe sha ɗaya. Daga nan sai ta bi gaɓar kogin Mosel gida-gida, ana ɗanɗanawa ana yabo, inda rana ta faɗi a nemi masauki. Dattijon, Alfons sunansa, ya ce yau da shi za a tafi.

Shi kaɗai ya rage a ɗakunan baƙi tun da sanyi ya shigo. Jiya kuwa Torsten, ɗan Marlies, ya yanke mata magana a tsakar gida.

"Mama, ranar da ya hau motar nan, zance ya ƙare. Mutanen can birnin Trier ba za su yi ta zaman jiranmu ba. Ki sa hannu kowa ya huta."

Takardar da yake so ta sa wa hannu na cikin aljihun tebur tun watan Janairu. Ko kallonta Marlies ba ta son yi.

Ta goge hannu ta fito, tana murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Yallaɓai, tun yanzu? Ga kek ɗin tuffa yana shirin fitowa. Giyar shekarar zafi ma ba ka ɗanɗana ba."

"Na gode, baiwar Allah. Masaukinki ba laifi. Giyarku ma da dama-dama, zaƙi ne ya ɗan yi mata yawa. Amma na daɗe a hanya. Gida uku suka rage mini, sai in wuce garinmu."

A kwarin nan, da a ce wa giyarka da dama-dama gara a zage ka. Marlies ta haɗiye. Ta ce to, kafin motar ta iso ya zo ya ga gonar, ba a barin gidan mai inabi ba a taka gonarsa ba. Ya duba agogo, ya bi ta ba don yana so ba. Tsohon karen gidan ya tashi ya bi bayansa.

Gonar a jikin tudu take, tudun da in ka yi wasa sai ka gangara har kogi. Kowace kurangar inabi da turkenta. Farkon bazara ake lanƙwasa mata rassa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su zagayo su haɗu a ƙasa, a ɗaure da ɗanyar tsumagiya. Duk ɗan kwarin nan ya san da sassafe ake wannan aiki, lokacin da raɓa ta tausasa reshe. Yanzu kuwa rana ta take, rassan sun bushe ƙayau.

Alfons bai ko kalli kurangun ba. Hanya yake kallo.

Daga can ƙasa, wajen gada, motar ta yi oda.

"Ga ta nan," ya ce, ya juya zai sauka.

Marlies ta tsaya gaban kurangar da ta fi kowace tsufa a layin, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun tana budurwa take ɗaurin inabi, ko ido rufe ba ta karya reshe. Ta kama reshen dama ta can ƙarshe, ta fizgo shi ƙasa da ƙarfi.

Ƙas!

Inabin shekara guda ke nan ya tafi. Abin ya yi mata ciwo har cikin rai.

Alfons ya waiwayo a fusace.

"Ke! Wa ya koya miki wannan ta'asa? Da tsakar rana? Kin ɗauka icen girki ne?"

"Haka na ga ana yi, Yallaɓai."

"A ina? A gidan wa?" Ya ture hannunta, ya shafa karayar a hankali. "Daga gindi ake kamawa, a murza, a lallaɓa. Ina mai gonar nan ne, ya bar ta a hannun irinku?"

Marlies ta miƙa hannu wajen reshen hagu.

"Kul! Kada ki ƙara taɓa ko ɗaya. Sai gobe da raɓa, ni zan nuna miki."

Motar ta sake oda a ƙofar gida. Torsten yana tsaye a wurin, fuska a murtuke. Ya dubi tudu, ya dubi uwarsa, can ya ɗaga wa direban hannu. Motar ta wuce.

Alfons ya sauka yana mita, ya shiga ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ya tsallake wata matakala mai girgiɗi kamar wanda ya saba, ya fito da damin tsumagiya ya tsoma a ruwa don ta kwana ta yi laushi.

Marlies ta ƙirga da ido. Layi huɗu suka rage. Nan da mako guda rassan za su fara toho, ɗauri ya ƙare sai baɗi. Abin da za ta yi bayan nan, ba ta sani ba, kuma tsoro take ji.

"Baiwar Allah," ya kira ta, muryarsa ta sauko. "Ki taimaka ki aika wa matata. A ce mata kada ta jira ni yau, aiki ya tsare ni. Tana da saurin damuwa."

"Za ta ji, Yallaɓai."

Ta juya baya kafin ya ga idonta. Yau dai gidan kula da tsofaffi na Trier bai same shi ba. Saƙon kuwa ya riga ya isa, don shekara arba'in da huɗu ke nan da Alfons ya aure ta ya kawo ta gidan nan, gidan da tun bara ruɗewar tsufa ta sa ya daina ganewa, har da ita kanta.