Ranar da Inna ta ce in kwanta kusa da ita

Ina 'yar shekara takwas, a gidanmu na Kurfi, Inna ta kira ni ɗaki bayan azahar. Lokacin an yi mata aikin sankarar mama, maƙwabta sun daina shigowa, wai ana ɗauka.

Ta ce, "Zo ki kwanta nan, ɗiyata. In na ji numfashin mutum kusa, ƙila barci ya ɗauke ni."

Na ce a raina, wayo ne kawai, kar in fita wasan 'yar gala-gala. Na kwanta ina satar kallonta, ɗakin sai warin magani. Tana rufe ido na sulale.

A bakin ƙofa na waiwaya. Idonta biyu, tana kallona.

Sai da na girma na ji ashe kwananta huɗu ba ta runtsa ba. Wallahi da na sani, da na tsaya.