Sunan da Atika Ba Ta Taɓa Kira Ba

Tunda Atika ta haifi Ja'afar ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mace ce mai kunya ta sosai. "Wancan" take ce masa, ko "mai tantabaru", saboda ɗakin tantabarun da ya haɗa da katako da tsohon kwano a bayan ɗakinta a unguwar Runjin Sambo. Yakan tsokane ta ya ce, "Inna, ranar da kinka kira sunana, tantabara biyu zan yanka maki." Sai ta kai masa duka da ludayi, ya goce yana dariya.

Yana ɗan shekara goma sha shida bindiga ta kashe shi a ƙofar gidansu, da rana tsaka.

Gidan nasu babban gida ne, kuma Mode, yayan mijinta, shi ne babba. Jikan mafarauta ne, don haka duk shagalin da aka yi sai ya fito da tsohuwar bindigar toka ya buga sama, mata su rangaɗa guɗa. Albarushi da tsumma kawai ake ɗura mata. To amma tunda ɓarayi suka addabi gonarsa ta Dundaye ya koma ɗura mata guntayen ƙarfe. Ranar wani suna ya manta bai kwashe ba. Kafin bakinta ya kalli sama ta tashi, ta sami Ja'afar a ƙirji.

A zaure aka kashe maganar. Dattawa suka ce ƙaddara ce, ɗan'uwa ba ya kai ɗan'uwa gaban hukuma. Mijinta, Malam Dodo, ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Ita ba wanda ya tambaye ta. Ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba, wai uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a fili. Tun daga ranar sunan Ja'afar ya ɓace a gidan, don kada Mode ya ji nauyi. Kai jama'a! Wanda ya yi kisa ake lallashi, uwar mamaci kuwa kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe shi. Ina za ta je? Gidan aurenta ke nan, a nan sauran 'ya'yanta suke. Sai dai ta zagaya bayan ɗaki ta watsa wa tantabaru gero, ta yi kukanta a can.

Bayan shekara aka sa bikin Nuriyya, 'yar Mode, sa'ar Ja'afar ce, tare suka taso. Ana sauran kwanaki kaɗan Nuriyya ta sami Atika wajen tantabaru, idanunta sun yi ja.

"Inna, na ga Baba shina goge bindigar nan. Wai ba a fidda ɗiyar maharba shiru. Ni wallahi tsoro nike ji. Ke kaɗai zai ji kunyarki. Don Allah ki yi mai magana."

Atika ta ce, "To, zan yi."

Ta fara da mijinta. Malam Dodo ya ɓata rai.

"Mi kike so ki tono? An yafe, an wuce wurin. Yaya ya ce albarushi kaɗai zai sa. So kike a ce matata ta raba ni da yayana?"

Duk da haka ta daure ta tafi ƙofar Mode. Ta same shi zaune a kan tabarma, bindigar na kwance a cinyarsa, bakinta duk tsatsa, an ɗaɗɗaure shi da waya. Ta durƙusa.

"Yaya, ina wuni?"

"Lahiya lau, Atika. Akwai magana?"

Ta buɗe baki za ta yi maganar. Amma yaya za ta yi zancen ɗanta na fari a gaban yayan mijinta? Da wane baki?

"A'a, gaisuwa ce kawai," in ji ta. Ta tashi ta koma ɗaki.

Ranar biki, bayan la'asar, aka fito da amarya za a sa ta a mota. Atika ta tura ƙananan 'ya'yanta ɗaki ta ja ƙofa, ta toshe kunnuwa. Ƙarar da ta ji ba irin ta kullum ba ce. Tantabaru suka watse sama, guɗa ta koma salati.

Gaskiya ne albarushi kawai ya sa, amma ya cika ta da shi don a ji har can bayan gari, Kalambaina. Tsohon ƙarfen ya tarwatse. Yatsun Mode uku suka tafi. Wani guntun ƙarfe ya ratsa mayafin amarya ya shiga fuskarta.

A asibiti likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu sai addu'a. Atika ta tsaya a bakin gado, dangi cike da ɗakin. Nuriyya, fuska naɗe da bandeji, ta laluba ta kama hannunta.

"Inna, ke ce? Kin hwaɗa mai, ya ƙiya?"

Atika ta riƙe hannunta gam. Daga bayanta wani dattijo ya ce, "Sai haƙuri, ƙaddara ce."

Nan Atika ta juyo.

"Ja'afar!" ta ce, da ƙarfin da ya sa kowa ya firgita. "Ja'afar sunanshi! Ɗana ne, bindigar nan ta kashe shi, kunka ce in yi shiru, ni kuma na yi. Da na kira sunanshi a ƙofar Yaya, da yarinyar nan na ganina yanzu!"

Ba wanda ya ɗaga kai. Karo na farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta, kuma mai sunan ba ya nan balle ya ji.

Jama'a, bindiga ba kayan biki ba ce. Kuma mu daina lulluɓe sakaci da sunan ƙaddara. Wanda muka rasa, girmama shi shi ne mu ambaci sunansa, mu faɗi abin da ya kashe shi, mu hana abin ya sake taɓa ɗan wani.