Baƙon da Ya Zo da Tsintsiya

Ga wani misali. An yi wani manomi da ɗansa ya saya wa talabijin, ya kuwa kamu da son wata tasha da ba ta da zance sai na 'yan China. Kullum mai gabatarwa zai gyara zama ya ce mutanen nan ba su san uwa ba, ba su san amana ba, arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar mutane kawai suke hange. Manomin bai taɓa gaisawa da ko ɗayansu ba, amma a hankali ya zamana in ya ji an ambace su sai ya tofar da yawu. Ana nan, gab da faɗuwar damina, aka ce masa an ga wani tsoho ɗan China tsugune a bayan gonarsa, gindin tsamiya, yana tone-tone, wai bara ma ya zo. Ya ce lallai gonarsa aka hango, ga shi kuwa ita kaɗai ya gada. Ya tara samari da sanduna. Da suka kusa, ya ce su dakata a bakin rafi, bari ya leƙa ya ga irin na'urar da mutumin ya zo da ita.

Ashe na'urar tsintsiya ce. Tsohon yana tuge ciyawa da yatsu daga kan wani ɗan tudu da manomin ya daɗe yana ɗauka tsohon suri ne, yana sharewa a hankali kamar mai gyara shimfiɗar majinyaci. Ya zuba shayi a ƙananan kofuna biyu, ya ajiye ɗaya a kan tudun, yana hira ƙasa-ƙasa har da 'yar dariya. Da ya hangi manomin, ya miƙe da ƙyar ya gaishe shi da guntuwar Hausa, ya shaida masa cewa da ƙuruciya ya yi aikin hanya a nan, a nan kuma zazzaɓi ya ɗauke amaryarsa. "Maigida, ba ta son ciyawa a ƙofar ɗakinta," in ji shi. Manomin ya tuna tasa matar, wadda yau ko kushewarta ba zai iya nunawa ba. Ya koma bakin rafi ya sallami samarin, ya ce ɗaya ya kawo masa fartanya. Tun daga ranar, duk damina tudun nan yake fara nomewa kafin ya shiga gonarsa.

Tashar ba ta fasa zancenta ba, shi ne dai ya daina gyaɗa mata kai. Da ma Hausawa sun ce, gani ya kori ji.