Waƙar Bakin Kogi

A gidan suna a Gazawa Shatu ta ji waƙar. Tana tsugune tana wanke hannu bayan cin tuwo, wata yarinya ta kunna waya, 'yan mata suka miƙe suna rawa. An ƙara wa waƙar ganga, an sa ta sauri, muryar kuma ta wata baƙuwa ce. Kalmomin dai ba a taɓa su ba. Leɓunan Shatu suka riga mawaƙiyar kai ƙarshen baiti.

"Inna, kin san ta?" in ji yarinyar. "Tsohon fim ɗin Indiya ne aka sake fitarwa a katin waya. Fassarar mijinki ce!"

Shatu ta yarfe hannu, ta nemi takalmanta.

Daga Gangara har Gidan Rumji, babu wanda bai san Attahiru Mai Fassara ba. Tun zamanin kaset yake da rumfar kallo a Gangara. Yakan tsaya gefen tele, jarumai na magana yana juya wa jama'a da Hausa, in aka zo waƙa ya rera ta har dattawa su share ido. Yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya fassara fim ranar da ya iso. Sai kaset ya yi kwanaki a gida, a ƙaramar telen ɗakin Shatu, wai don a tabbatar ba ya cijewa.

Duk kaset ɗin da ya shiga ɗakin nan ya fito ya tafi rumfa, ban da guda ɗaya.

Kaset ɗin ya iso ne a daminar da Hamdiya ta rasu. Ita ce 'yarsu ta fari, ba a kuma samu wata ba. Shatu ta yi mata kunyar ɗan fari yadda aka koya mata: ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa gaban mutane ba, ranar jana'iza ma ba a ga hawayenta ba. A fim ɗin akwai wata uwa zaune a bakin kogi tana waƙa ga 'yarta da ruwa ya ci. Hausar waƙar nan ba ta taɓa ƙetare ƙofar ɗakin ba. Su biyu kaɗai suka san ta.

Da wayoyi suka kashe rumfunan kallo, Attahiru ya koma noman gero, sunansa ya fara dusashewa. Sai bara ga Zaharaddini, wani saurayi mai ɗakin ɗaukar murya a Maradi. Yana gyara tsofaffin fina-finan waƙa, ya ɗora musu Hausa, ya zuba a katin waya. Abin da yake nema shi ne fassarar Attahiru.

Shatu ba ta hana ba. Ita ta kakkaɓe kaset-kaset ɗin, ta jera su a kwali. Abu ɗaya ta roƙa, kada a taɓa na bakin kogi. Attahiru ya dafa ƙirji ya rantse.

Yanzu ga shi 'yan mata na juya ƙugu a kansa.

Ta sami Attahiru a Maradi, a shagon masu tura fina-finai kusa da tasha. An ba shi kujera a tsakiya, ya sa sabuwar hula, 'yan kabu-kabu sun kashe baburansu sun kewaye shi. Da ya hango ta, hannun da yake miƙa wa wani ya tsaya a iska.

Zaharaddini ya taso da fara'a. "Hajiya, sannu da zuwa! Kin ji abin da Baba ya yi mana? Waƙar nan ta kama gari. 'Na kira ki da sunan kowa, ban kira ki da naki ba.' Wallahi ban san Indiyawa ma suna kunyar ɗan fari ba!"

Aka yi dariya. Shatu ba ta dube shi ba.

"Malam," ta ce, "ka rantse mini."

Attahiru ya dubi samarin, ya dubi Zaharaddini, ya gyara zaman hularsa. Da ya sunkuyar da kai kawai, da ta juya ta tafi da abin a cikinta.

"Haba, Shatu," ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Waƙar Indiyawa ce fa. Ni juyawa kawai na yi. Mi ya haɗa ki da ita?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan idonta ya sauka kan teburin Zaharaddini, inda aka jibge wasu tsofaffin fina-finan da ba su taɓa zuwa Gangara ba.

"Waɗannan fa?" ta tambaya.

"Su ne na gaba, Hajiya. Baba ya ce zai je gida da su ya duba tukuna."

"Ba sai an wahalar da shi ba," in ji Shatu a hankali. "Ga tele, ga jama'a. Kunna masa ɗaya yanzu, yaran nan su ga yadda ake yi a da."

Shagon ya kaure da sowa. Wani ya jawo benci, wani ya ƙara murya, masu wucewa suka fara tsayawa. Aka ɗaga Attahiru aka tsayar da shi gefen tele. Ya kira sunanta sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, amma ta riga ta gyara mayafi ta nufi motar Gangara.

A allon, jarumar ta buɗe baki ta fara magana. Duk idanu suka koma kan Attahiru Mai Fassara, wanda bai taɓa jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Shatu ma ba ta jin yaren. Fuskokin jaruman kawai take kallo a ɗakinta, ta sa musu magana a baki, shi kuma ya haddace.