Ranar da Aka Haska Majigi a Saƙin Baba

Ranar da Nasara suka fara kawo majigi Matamaye, tun kafin la'asar iskar bazara ta yaga farin ƙyallen da za su haska hoto a kai. Ga mutane sun tako daga Dungu da Tsauni, sun cika filin kasuwa.

Ina zaune kusa da Baba sai tafintansu ya yi sallama yana haki.

"Malam, kana da fari mai faɗi? In babu, motar nan juyawa za ta yi."

Baba masaƙi ne, kuma fari ɗaya gare shi, wanda ya yi wata uku yana saƙawa don rigarsa ta Sallah. Ya ɗauko, ya kakkaɓe.

"A ce an zo Matamaye an rasa fari? Ba dai ina raye ba. Amma ku wanke hannu kafin ku taɓa."

Bayan magariba aka haska majigin a farin Baba, jama'a suka yi ta salati, sun ga teku a karon farko. Ni saƙin Baba nake kallo, layi-layi, ko ɗaya bai karkace ba. Har yau in jikokina suka tambayi abin da aka nuna, saƙin babana nake cewa.