Gungumen Turmi

Dakata tukuna, Malam Tanimu, kada ka ɗora itacen nan a mota sai ka ji ni. Ka ce duk ka gasa, 'yan gumaguman nan ne kawai suka rage, su kuma ba su kai a damu da su ba. To, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai gidan burodi da ya gaji lambun mangwaro a wurin mahaifinsa, nan bayan gidan burodin. Ba shi da abin da yake ji da shi kamar lambun nan. Itacen da yake aiki da shi kuwa daga wani daji mai nisa ake kawo masa, dajin da wani baƙon ƙwaro ya addaba. Ƙwaron yakan yi ƙwai a jikin itace, tsutsarsa ta shige ta yi ta cin ciki, waje kuwa sumul kamar babu komai. Mutumin ya san haka, kuma ba rago ba ne. Duk ranar da mota ta sauke kaya, da an kwashe burodi tanderu na da sauran zafi, sai a jera itacen a ciki a rufe, zafi ya ratsa shi har tsakiya, tsutsa da ƙwai su mutu, sannan a fito da shi a tara. Shanya a rana ba ta yin wannan aikin, sama-sama kawai take taɓawa. Maƙwabta suna ta yi masa tsiya, wai ina aka taɓa gasa itace kafin a yi gashi da shi? Ko a jikinsa.

Rannan sai ga wani gungume a cikin kayan, kakkaura, miƙaƙƙe, babu tsaga ko ɗaya. Matarsa na gani ta ce, "Maigida, wannan ai turmi ne! Nawa ya dare tun bara." Shi kuma ya san zafin tanderu na iya tsaga shi. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya duba bai ga huda ba. Ya ce a ransa, ai guda ɗaya ne. Ya sa aka mirgina shi gindin babban mangwaron da mahaifinsa ya dasa da hannunsa, don kada rana ta ɓata shi kafin masassaƙi ya zo. Masassaƙi kuwa ka san hali, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Ana haka damina ta sauka, tsutsar da ke kwance a cikin gungumen ta zama ƙwaro, ta huda ta fito. Ba ta ma sha wahalar neman gida ba, ga shi nan a kanta.

Da farko wani gari-gari ya fara gani yana zubowa daga jikin bishiyar, sai reshe ya bushe, sai wani. Kafin ya farga ƙwaron ya haye na kusa da ita, ya tsallaka har lambun maƙwabta, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Dole aka sare babban mangwaron da wasu da dama, kuma a tanderunsa aka ƙone su don kada abin ya ci gaba. Wallahi mutumin nan da kansa yake tura itacen bishiyar mahaifinsa a wuta yana hawaye. Sai a lokacin masassaƙi ya iso. Ya ɗaga gizago ya sara gungumen sau ɗaya, ya burma, cikinsa duk ramuka da gari. Ko turmin ma ba a samu ba.

Ka ji, Malam Tanimu. Mutumin nan ya gasa itace mota-mota, amma wanda bai gasa ba shi ya ci lambun. Ajiye gumaguman nan ka kai su wuta, kada ka kai wa garinku baƙon da ba ya tafiya. Hausawa sun ce, wake ɗaya shi ke ɓata gari.